Cikin fari: abin da za ki gama shiryawa tun kafin watanki ya tsaya

Toh amarya, wata ya wuce ba a ga al'ada ba, an yi gwaji ya nuna, Allah ya inganta ya raba lafiya. Na san abin da zai fara zuwa miki a rai, 'yan rigunan jarirai ne da shawul da bahon wanka da gadon nan mai gidan sauro da kike gani a waya. Duk ki ajiye su gefe tukuna. Kayan jariri ko ranar da kika haihu aka tura yaro kasuwa zai dawo da su kafin la'asar, kuma daga barka zuwa suna za ki ga riguna da sabulai har ki rasa inda za ki zuba. Abin da ba ya samuwa a gaggauce shi ne isasshen jini a jikinki, da kuɗin ko-ta-kwana, da motar da za ta ɗauke ki ƙarfe biyun dare, da izinin fita in maigida baya gari. Waɗannan su ne shirin, sauran duk ado ne.

Ki fara da awo, kuma da wuri. Mu dai cikin fari da kunya yake zuwa mana, yarinya ta yi ta jan hijabi tana ɓoyewa har wata biyar wata shida ko Ummanta bata faɗa wa ba, sai laulayi ya tona mata asiri ko kuma ciki ya turo riga. Kunya abu ne mai kyau amma ba a gaban malamar asibiti ba, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a fara zuwa cikin sati 12 na farko, kuma tun 2016 ta ɗaga adadin zuwan daga sau huɗu ya koma sau takwas, yawanci a watannin ƙarshe ake yawaita zuwan don a lokacin ne hawan jini ya fi yi wa mai ciki kwanton ɓauna. Kafin ki je ki tuna ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, ranar farawa fa ba ranar da kika yi wanka ba, ki rubuta a waya, daga ita ake ƙirga kwana 280 wato sati 40. Ranar da za su rubuta miki a kati kuwa hasashe ne kawai, daga sati 37 zuwa sama komai na iya faruwa, kuma 'yan fari da yawa sai sun ɗan gota, don haka kar ranar ta wuce da kwana biyu ki tayar da hankalin gida. In dai ta wuce da sati guda ki koma su duba ki.

A zuwan farko za a ɗebi jini da fitsari, a gwada hawan jini, a tura ki sikanin, ya fi kyau a yi shi kafin sati 24. Kar ki karɓi takardun kawai ki cusa a jaka, ki tambaya. Jinina nawa ne? Wane rukuni ne? In aka ce rukunin jininki negatif ne na maigida kuma fositif, toh wannan maganar ta cikin fari ce musamman, akwai allurar da ake yi miki cikin awa 72 bayan haihuwa wadda take kare cikin da za ki ɗauka nan gaba daga ɓari da ciwon shawara mai tsanani a jariri, kuma allurar tana da tsada ba a kowane asibiti ake samunta ba, kinga gara ku sani tun ciki na wata uku a fara tanadi. Gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta ma ki yarda a yi, ba zargi ba ne, in an gano da wuri akwai yadda ake kare jaririn.

Sai magunguna. Ƙwayoyin ƙarin jinin nan da ake bayarwa, jajayen da 'yan ƙananan masu ruwan ɗorawa, mata da yawa a ƙarƙashin katifa suke ƙarewa wai suna sa ɗa ya yi ƙato a sha wahala wajen haihuwa. Wallahi ba haka ba ne. Jininki suke ƙarawa, kuma duk macen da ta haihu sai ta zubar da jini, wadda ta shiga ɗakin haihuwa da jini a cike ta jure, wadda ta shiga da idonta fari fat ɗan kaɗan ya isa ya kwantar da ita. In suna tayar miki da zuciya ki sha da dare bayan kin ci abinci, kar ki haɗa da shayi don yana hana jiki ɗauka, lemon zaƙi ko na tsami ya fi, kuma in kika ga bayan gida ya yi baƙi maganin ne ba wani abu ba. Akwai Fansidar ƙwaya uku da ake haɗiya a gaban nas bayan ciki ya wuce wata uku, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, ko ba kya jin zazzaɓi, saboda maleriya tana iya laɓewa a mabiyiya ta cinye miki jini ta hana ɗan girma ke baki ma sani ba, kuma masu cikin fari ta fi yi wa haka. Gidan sauro kullum, ko ana zafin Afrilu. Allurar tetanus sau biyu da tazarar wata ɗaya. Shikenan. Maganin kemis kuwa da jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da za a yi ta kawo miki a jarka daga wata bakwai, ki nuna wa ma'aikaciyar awo kafin ki kai baki, ba wanda ya san adadin abin da ke ciki har mai haɗawar.

Abinci ba sai mai tsada ba, abin da ke gidan ne: wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, zogale, alayyahu, rama, 'ya'yan itace, ruwa da yawa. In laulayi ya hana ki ci, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Farar ƙasa dai ki haƙura da ita duk yadda ƙamshinta ke kiranki, yawan sha'awarta ma sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini.

Yanzu ga inda aka fi yin sakaci. Wajen wata bakwai za a zo a ɗauke ki goyon ciki, ki koma gaban Umma, abu mai daɗi, za ki huta a lallaɓa ki. Amma sai ki ga yarinya ta yi awonta tsaf a Kaduna ko Abuja, an kawo ta gida Funtuwa ko Haɗeja, katin yana can a durowar ɗakinta, a nan kuma ba a sake kai ta ko'ina ba sai ranar da naƙuda ta tashi a doshi asibitin da basu taɓa ganinta ba, babu fayil babu sakamakon gwaji, ana tambayarta tana murƙususu. Dan Allah ki taho da katinki da duk takardun sikanin, ki ɗauke su hoto ma a waya, kuma satin da kika iso ki je ki yi rajista a asibitin da za ki haihu. Ki tambaye su kai tsaye: kuna aiki da dare? In haihuwa ta gagara kuna tiyata a nan ko turawa kuke, in turawa ne ina? Kuna da jini a ajiye? Ƙaramin asibitin unguwa yana karɓar haihuwar da ta zo da sauƙi, amma ya kamata a san babban da za a nufa in abu ya juya, da minti nawa ne tsakaninsu.

Maigida kuma ku zauna ku yi magana tun yanzu, a gaban Umma in da hali, ya faɗa da bakinsa cewa duk lokacin da aka ga alama a wuce asibiti kawai ba sai an same shi a waya ba, har sa hannun tiyata ya wakilta wani. An sha zama da mace tana zubar da jini ana ta kiran layi baya shiga. Kuɗi ma haka, kafin a yi maganar ragon suna da atamfar fitar suna a ware na asibiti daban a hannun wanda ke kusa da ke, wani a hannu wani a asusu don ranar da kike buƙata ranar ce tura kuɗi ta waya ke ƙin tafiya. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a Najeriya, ki tambaya ko asibitinku na cikin tsarin, amma ko yana ciki ni dai ba zan ce ki zauna hannu biyu ba. A samu lambar mai mota ko mai adaidaita mutum biyu da suka yarda a tashe su cikin dare. A samu 'yan uwa biyu da jininsu ya dace da naki, su san da maganar.

Jaka ki haɗa ta a wata na takwas ki ajiye bakin ƙofa. Kowane asibiti da takardar abin da yake nema, safar hannu, ledar shimfiɗa, audugar mata, sabulu, Jik da sauransu, ki karɓa a wajen awo ki bi ta. Naki kuma tsofaffin zannuwa masu laushi wankakku kamar huɗu, doguwar riga mai buɗewa ta gaba, fulas ɗin ruwan zafi, cajar waya da tocila. Na jariri 'yan riguna kaɗan, hula, safa, famfas, tawul. Kar ki saka kafur a cikin kayansa, akwai jariran da yake fasa wa jini ya jawo musu shawara, kuma baki san ko naki na ciki ba.

Waɗannan kuwa ba a jira gari ya waye a kansu, ko wata nawa ne cikin: jini ko ɗan kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da baya jin magani, gani dishi-dishi ko wasu taurari-taurari, kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita, ciwo a ƙahon zuciya, zazzaɓi, ruwa ya ɓalle miki kafin lokaci, ko ɗan da ya saba motsi ya yi shiru ko ya rage. Ciwon kan nan da kumburi su ne 'yan aiken jijjiga, kuma masu cikin fari ta fi kamawa. In Allah ya kiyaye ta zo, ba aljanu ba ne, a kwantar da mace ta gefen hagu, kar a tura mata cokali a baki, addu'a a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Naƙudar fari doguwa ce, ki sa wannan a ranki. Ciwon mara da baya ne yake zuwa ya tafi, yana ƙara matsowa yana ƙara ƙarfi, wani lokacin da 'yar majina mai jini-jini. In ya koma duk kamar minti biyar, ko faya ta fashe, a tafi. Kar ki kulle kanki a ɗaki kina cije baki wai kar a ce 'yar wance raguwa ce, irin wannan dauriyar ta kwana da wuni ita ke kai mata ga yoyon fitsari, kan ɗa ya daɗe a makale yana danne mafitsara. Kar ki yi nishi sai an ce ki yi. Kar a kira mai kemis ya ɗaura miki ruwan naƙuda a gida, yana fasa mahaifa. In kuma likita ya ce aiki za a yi, toh aikin ma haihuwa ce.

Maganar jego ku gama ta da Umma da su Goggo tun kina da ƙarfin magana, cikin ladabi, don bayan kin haihu ba mai sauraronki. Ki ce a awo aka faɗa miki, sun fi jin wannan. Wanka da ruwa mai ɗumi yana warware jiki, amma tafasasshen da ake fyaɗawa da ganyen darbejiya har fata ta saɓule ba dole ba ne, balle ga mai ɗinki ko mai hawan jini. Kunun kanwa ma a sassauta hannu, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da ciwon zuciya, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciyar gadon wuta. In kika ji numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, ko ƙafa ta kumbura, ko jinin biƙi ya yi yawa ko yana wari, asibiti.

Jariri kuma da ya faɗo a goge shi a ɗora miki a ƙirji, a sa shi a nono cikin awar farko, wanka ya jira sai ya kwana ɗaya. Dakashin nan mai kauri da ake cewa a matse a zubar shi ne rigakafinsa na farko. Ɗan shafa masa dabino a baki na sunna daban, ɗura masa ruwa da jiƙo daban, nono zalla ya ishe shi har wata shida ko ana zafi, zuma kuma sai ya shekara. Cibiya ba gashi da tsumma ba makilin, maganin shafawa na kulohezidin da ake bayarwa a asibiti shi za a riƙa sawa har ta faɗi da kanta. In wanzami ya zo askin suna ya tsaya a aski, beli a bar masa abinsa. Ki riƙa duba idon jaririn da tafin ƙafarsa a hasken rana a satin farko, in kika ga ruwan ɗorawa a kai shi ranar, ba shanya shi a hantsi ba. Kafin a sallame ku ki tabbatar an yi masa allurar BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna, in babu a ranar a tambayi ranar da ake yi a dawo, ba sai an yi arba'in ba. Katin rigakafin ki sa shi a leda, za a neme shi a sati 6 da 10 da 14, kuma a zuwan sati shidan nan ke ma ki sa a gwada miki hawan jini ki tambayi maganar tazarar haihuwa tun kafin a maida ke ɗakinki.