Yadda Ake Share Nakiya a Bakin Tashar Jiragen Ruwa

Matashin Nima ko Sabon Zongo da ke neman shiga sojan ruwa ya kamata ya san da wane irin jirgi rundunar ta fara. A 1959 Gana ta karɓi jiragenta biyu na farko daga Ingila, Yogaga da Afadzato, kuma dukansu na share nakiya ne. A 1964 aka ƙaro babban ɗan'uwansu, aka sa masa suna Ejura, sunan garin masara da doya da fataken Kumasi suka sani sarai. Akwai dalilin farawa da su. A watan Mayun 1941 jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, U-69, ya zuba nakiyoyi a bakin Takoradi da Legas, ya kuma harbi jirgin kaya Sangara a gaɓar Accra. A lokacin, Takoradi ce inda ake haɗa jiragen saman yaƙi a tashi da su ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Nakiyoyi kaɗan a bakin tasha sun isa su tsayar da koko, su tsayar da mai, su tsayar da shinkafa.

Fara da sanin abin da kake nema

Nakiya mai igiya ƙwallon ƙarfe ce da ke tsaye cikin ruwa, 'yan mitoci ƙasa da fuskar teku, waya ta ɗaure ta da wani nauyi da ke zaune a ƙasa. A kanta akwai ƙahonnin dalma. Cikin kowane ƙaho akwai 'yar kwalba mai ruwan batir. Jirgi ya goge ta, dalma ta lanƙwashe, kwalba ta fashe, ruwan ya zubo kan faranti biyu ya zama batir nan take, wuta ta tashi abin fashewa. Irin wannan nakiya, igiyarta ake yankewa.

Ta biyu ba ta da igiya. Kwance take a ƙasan teku inda ruwa bai yi zurfi ba, tana jiran maganaɗisun ƙarfen jirgi, ko ƙarar injinsa da farfelarsa, ko sauyin nauyin ruwa idan babban jirgi ya wuce. Ba abin yankewa a jikinta, sai dai a yaudare ta ta fashe a banza.

Me ya sa jirgin katako ne

Wanda ya ga irin Yogaga zai ce kwalekwale ne babba. Tsawonsa wajen mita 32, nauyinsa tan 120, nutsewarsa cikin ruwa ba ta kai mita 2 ba, injinan dizal biyu na Paxman, mutane kamar 15, bindiga guda ɗaya tak. Kowane ɗaya daga waɗannan da gangan aka yi shi. Ƙarancin nutsewa na sa ya bi ta saman nakiyar da aka saita wa jirgin kaya ba tare da ya taɓa ƙahonta ba. Katako kuwa maganaɗisu ba ruwansa da shi. Irin Ejura, mai tsawon kusan mita 46, an yi shi da katakon mahogani, ɗan'uwan maɗaci, ninki biyu a kan haƙarƙarin alminiyam. Yaƙin Koriya ya nuna muhimmancin irin waɗannan jirage: a Wonsan, a Oktoban 1950, nakiyoyi kusan 3,000 suka tsare rundunar Amurka a waje, jiragen shara biyu masu jikin ƙarfe, Pirate da Pledge, suka nutse rana ɗaya.

Sauran ƙarfen da ba makawa, kamar inji, ana kashe maganaɗisunsa da wayoyin lantarki da aka zagaye cikin jirgi da su. A nan ake yawan kuskure. Ƙarfin wutar da ake saki cikin wayoyin ya danganta da inda jirgi yake a doron ƙasa. Saitin da ya dace da tekun Ingila, idan aka zo da shi Sekondi ba a gyara ba, yana iya ƙara wa jirgin maganaɗisu maimakon ya rage. Kuma duk abin da aka shigo da shi a lissafe yake: gwangwanin kifi, sifana, tukunyar ƙarfe. Kada kowa ya ɗauki akwatin kayan aiki daga inda aka ajiye shi ya mayar wani wuri don son ransa.

Shimfiɗa wayar yanka

Hanyar da aka fi amfani da ita sunanta Orofesa, sunan jirgin da aka fara gwada ta a kansa. Kayanta huɗu ne. Akwai wayar shara mai kaushi kamar zarto, da almakasai ɗaure a jikinta tazara-tazara, wasu ma da ɗan harsashi da ke tura kurfi ya datse sarƙa. Akwai gora, wato babban tulun ƙarfe mai siffar kifi da tuta a kansa, wanda ke yawo a sama. Akwai allon jan gefe, firam mai fikafikai da ke rataye ƙarƙashin gora, shi ke fizgar ƙarshen waya ya kai ta can gefen jirgi. Sai allon danna ƙasa, kusa da gindin jirgi a kan tasa wayar, wanda ke nutsar da farkon wayar shara zuwa zurfin da ake so.

Ga tsarin sakinsu. Rage gudu sosai, amma kada farfela ta tsaya, don waya mai sako-sako farfela take nema. Auna igiyar da ke tsakanin gora da allon jan gefe tun a kan bene, domin tsawonta shi ne zurfin sharar. Sauke gora, sauke allon, sannan a fara sakin waya daga injin naɗi a hankali, ana ɗaura almakasai ɗaya bayan ɗaya a wuraren da aka yi wa alama. Idan waya ta kai tsawonta, gaba ɗaruruwa, sai a sauke allon danna ƙasa, a ƙara gudu zuwa na shara, a duba ma'aunin nauyin da waya ke ja.

Zaɓen zurfi shi ne zuciyar aikin. Dole waya ta bi ƙasa da ƙwallon nakiya don ta kama igiyarta, kuma ta bi sama da ƙasan teku. Ka yi sama da yawa, ka wuce ta kanta ba ka sani ba. Ka yi ƙasa da yawa, allon ya caki yashi ko dutse, waya ta tsinke ta dawo kan bene kamar bulala. Shi ya sa ba a tsayawa cikin lanƙwasar waya ko a tsallaka ta. A gaɓarmu bambancin cikar teku da janyewarta bai kai mita 2 ba, wannan sauƙi ne. Abin da ke ba da wahala shi ne doguwar igiyar ruwan da masuntan Jamestown ke fama da ita, wadda ke ɗaga gora ta sauke, da kuma ruwan da ke gangarawa gabas. Ruwa mai ƙarfi yana kwantar da igiyar nakiya, ƙwallon ya nutse ƙasa da inda aka saita shi, waya ta wuce ta sama. Ruwa ya lafa, ƙwallon ya sake tasowa a hanyar da aka ce an share.

Mutum ɗaya aikinsa kallon tutar gora kawai. Tuta na tafiya daidai, lafiya. Ta fara rawa ko ta nutse, ko dai allon ya taɓa ƙasa ko waya ta kama wani abu. Idan igiya ta yanke, nakiya za ta ɓullo a bayan jirgi, baƙa, ciyawar teku da ƙananan katantanwa manne a jikinta, tana juyi a hankali. Daga nesa ake harbinta da bindiga har ta sha ruwa ta nutse ko ta fashe.

Lokaci mafi haɗari shi ne naɗe kaya. Wani sa'in almakashi bai yanke ba, nakiya ta maƙale a waya ko a allon, injin naɗi kuma yana jawo ta zuwa gindin jirgi. Don haka ƙarshen waya a hankali ake jawo shi, mai gani yana leƙa ruwa, mai injin hannunsa a kan birki. An hango abu, a tsaya, a sake waya, a ƙara gudu ko za ta yanke. Ta ƙi, a datse wayar a sa alama a wurin.

Layi da alama

Jirage kan jera ne a karkace, kowane na baya yana tafiya cikin ruwan da wayar na gabansa ta riga ta share. Na farko ne kaɗai ke taka ruwan da ba a taɓa ba, shi ya sa ake sa mafi ƙarancin nutsewa a gaba. Bayansu wani jirgi na zuba gorunan alama masu tuta a gefen hanyar. Haka jirage sama da 250 suka buɗe hanyoyi goma zuwa gaɓar Normandi ta Faransa a Yunin 1944, cikin dare.

Lissafin ba wuya. A ce faɗin hanyar tasha mita 600 ne, wayarka na share mita 150. Kada ka ce zagaye huɗu. Bar mita 30 na haɗewa tsakanin kowane zagaye da na kusa da shi, saura 120, zagaye biyar ke nan. Wanda ya yi rowar haɗewar ya bar ɗan siririn layi a tsakiya, kuma nakiya ɗaya ba ta buƙatar fiye da haka. A wurin juyawa kuma a yi faɗi, a riƙe gudu. Jirgi ya juya a matse, waya ta saki, allon ya faɗi ƙasa.

Yaudarar na kwance

A Nuwamban 1939 aka tsinci nakiyar maganaɗisu ta Jamus a cikin taɓo a Shoeburyness da ke gaɓar Ingila, jami'in sojan ruwa John Ouvry ya kwance ta da hannu, daga nan aka gano maganinta. Jirgi na jan kebul biyu masu yawo a saman ruwa, dogo da gajere, janareta na harba wuta mai ƙarfi cikinsu a kai a kai, ruwan gishiri ya haɗa zagayen. Nakiya ta ɗauka babban jirgi ne ke wucewa, ta fashe can baya. A duba rufin kebul kafin a sake shi, domin ƙaramin yanka na shigar da ruwa ya ƙone shi. Idan jirage biyu ke aiki tare, dole bugun wutarsu ya zo lokaci guda, in ba haka ba ƙarfin ɗaya ya kashe na ɗaya.

Mai jin ƙara kuwa, guduma mai lantarki ake sa wa cikin akwatin ƙarfe a nutsa a ruwa, ƙararta ta tashi nakiya tun jirgi bai iso ba. Sai dai masu dasawa sun sa mata ƙidaya: ta bar jirgi na farko, na biyu, har na goma su wuce, sannan ta tashi. Saboda haka hanya ɗaya ana maimaita ta sau da yawa, kuma a rubuta kowane wucewa da sa'arsa. Mai jin nauyin ruwa, wadda ta bayyana a 1944, ba ta yaudaruwa da sauƙi; jirage su rage gudu ƙwarai, ko a nemo ta da na'urar sauraron ƙasan ruwa a tura masu nutso su ɗora mata abin fashewa.

Duk tsawon shara, ƙofofin ciki a rufe, kowa da rigar ceto, wanda ba shi da aiki a ƙasa ya hau bene. A tsaya gwiwa a ɗan lanƙwashe, don bugun fashewa ta ƙasa yake zuwa, idon sawu da ƙashin baya yake karyawa.

Ga masunta da masu sayen tsohon ƙarfe a Tema da Accra: in taru ya jawo ƙwallon ƙarfe mai ƙahonni ko dogon tulu mai tsatsa, kada a ɗora shi cikin kwalekwale, kada a ja shi zuwa gaɓa, kada a kai masa guduma ko wutar walda. Tsufa ba ya kashe abin da ke ciki. A saki tarun a hankali, a ɗaura masa galan a matsayin alama, a lura da wurin, a yi nisa, sannan a sanar da sojan ruwa a Tema ko Sekondi.