Darasi na Tara: Kamun Kifin Tirawut a Kogunan Duwatsu Lokacin Sanyi

Ku karanta wannan darasi a hankali, sau biyu. Karatun farko a zuci, na biyu da babbar murya. Bayan haka sai mu amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Tirawut kifi ne na ruwan sanyi. Jikinsa dogo ne, yana da ƙananan ɓawo da ɗige-ɗige. Akwai mai ruwan ƙasa, wanda asalinsa daga Turai ne. Akwai kuma mai jan zane a gefe, wanda asalinsa daga yammacin Amurka ta Arewa ne. A Afirka ana samunsa a duwatsun Atlas na Maroko, da tsaunukan Kenya inda Turawa suka kai shi a 1905, da Lesoto da Afirka ta Kudu. Ba ya iya zama a kogunanmu masu ɗumi. Ya fi jin daɗin ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 16 a ma'aunin Celsius. Idan ruwa ya kai digiri 25, sai ya galabaita, har ya mutu, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa.

Za mu ɗauki misalinmu daga jihar Kolorado ta ƙasar Amurka. A can doka ta yarda a yi kamun kifi duk shekara, har cikin Disamba da Janairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu. Ba ko'ina ne haka ba. A Ingila ana rufe kamun tirawut mai ruwan ƙasa a koguna idan sanyi ya shigo, domin lokacin ne yake zuba ƙwai.

Yadda sanyi ke canza kifi

Jikin kifi ba ya yin ɗumin kansa. Yadda ruwa yake, haka jikinsa yake. Idan ruwa ya sauko zuwa digiri 3 ko 4, tirawut yakan yi nauyin jiki. Cikinsa ba ya narkar da abinci da wuri, saboda haka kaɗan yake ci. Masu kiwon tarwaɗa a cikinku sun san irin wannan: da hunturu ya kankama, kifi kan rage cin abinci.

To, kifin da ba ya jin yunwa sosai ba zai bi abinci da gudu ba. Ba zai tsaya a inda ruwa ke gudu da ƙarfi ba, domin tsayawa a can na cinye masa ƙarfi. Sai ya koma wuri mai zurfi inda ruwa ke tafiya sannu, ya kwanta kusa da ƙasa, bayan babban dutse ko a kwanar kogi. Sau da yawa kifaye da dama kan taru a rami ɗaya, sauran kogin kuwa fayau. Masuncin da ya gane wannan ya gama rabin aikinsa. Wanda bai gane ba zai wuni yana jefa fatsa a inda ya yi kamu da rani, ya koma gida hannu rabbana.

Inda ake zuwa

Ƙananan rafukan kan tsauni sukan daskare. Shi ya sa masunta ke neman kogin da ke ƙasan dam. Ruwan da ke fitowa daga gindin dam ba ya daskarewa, domin ƙasan tafki mai zurfi yakan tsaya a wajen digiri 4, ko da samansa ya zama ƙanƙara. Kogin South Platte haka yake a ƙasan dam ɗin Cheesman, wanda aka gama ginawa a 1905 don bai wa birnin Denver ruwa. Mutane kan yi kamu a wurin a tsakiyar sanyi.

Lokaci

A nan sammako ba shi da amfani. Da asuba ruwa ya fi sanyi, kifi kuma ya fi kasala. A bari rana ta ɗaga, daga wajen ƙarfe 11 na safe zuwa 3 na yamma. Ƙarin digiri ɗaya ko biyu ya isa ya sa kifi ya buɗe baki. Amma akwai wani abin mamaki. Ranar da aka yi ɗumi sosai, dusar ƙanƙara kan narke ta kwararo cikin kogi, sai ruwan ya ƙara sanyi alhali mutum yana jin ɗumi a jikinsa. Don haka masunci mai hankali yakan riƙe ƙaramin ma'aunin zafi, ya tsoma shi a ruwa ya karanta lamba.

Kayan aiki da yadda ake jefawa

Abincin tirawut a wannan lokaci ƙananan tsutsotsi ne na wasu ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo. Masunta kan naɗa zare da ɗan gashin tsuntsu a jikin ƙugiya har ta yi kama da tsutsar. Ƙugiya tana da lamba, kuma ku lura da kyau: idan lamba ta yi girma, ƙugiya ƙanƙancewa take yi. Lamba 20 ta fi lamba 10 ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Da sanyi ana amfani da lamba 18 zuwa 22, tsawonsu bai kai santimita ɗaya ba. Zaren ma siriri ake sawa, domin ruwan sanyi garau yake, kifi yana ganin komai.

Ana maƙala ɗan abu mai nauyi a saman ƙugiya don ta nutse, a ɗaura wata 'yar alama mai yawo a kan ruwa. Masunci ya tsaya ta inda ruwa ke gangarawa, ya jefa ta inda ruwa ke fitowa, gaba da inda kifin yake, ya bar ruwa ya kawo ƙugiyar da kansa. Kada ya ja ta. Tsutsar gaske ba ta tsallaka kogi da gudu, kifi kuma ya san haka. Idan alamar ta ɗan tsaya ko ta karkace, sai ya ɗaga sanda nan take, amma ba da ƙarfi ba, kada zaren ya tsinke. In an jefa sau da yawa ba a taɓa ƙasa ba, a ƙara nauyi ko a ƙara tsawon zare kafin a ce babu kifi. A ganina wannan ne wurin da sababbin masunta suka fi gajen haƙuri.

Kare kai

Wannan sashe ya fi kamun kansa muhimmanci. Wanda ya faɗa ruwa mai digiri 3, cikin mintuna kaɗan hannuwansa za su daina riƙo. Ba a sa kayan auduga a jiki, domin in sun jiƙe ba sa bushewa da wuri. Ana sa na ulu, a ɗora wandon roba mai kaiwa ƙirji, a ɗaure shi da bel don kada ruwa ya cika shi. A ajiye busassun tufafi a mota. Kada a taka ƙanƙarar bakin kogi, tana iya burmawa. Kada a tafi ba tare da an gaya wa na gida inda za a ba. Alamar haɗari ita ce makyarkyata mai tsanani, da sarƙewar harshe, da ruɗewa. Da an ga haka, kamun kifi ya ƙare, a nemi ɗumi.

Doka da haƙƙin kifi

A Kolorado duk wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi lasisi. A kwazazzabon Cheesman, wanda ke ƙasan dam ɗin nan, kifin da aka kama mayar da shi ruwa ake yi. Shi ya sa masunta da yawa ke danne kunnen ƙugiya da filaya don ta fita cikin sauƙi. A cire ta kifin yana cikin ruwa, domin iska mai daskarewa na lalata jan naman gefen kansa da yake numfashi da shi. In kuma an ga wani fili na tsakuwa mai haske a wuri marar zurfi, a kewaye shi. Sheƙar kifi ce, ƙwai na kwance a ƙarƙashi har sanyi ya wuce.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan ƙasan dam ba ya daskarewa?
2. Tsakanin ƙugiya lamba 12 da lamba 22, wacce ta fi girma?
3. Da safe ruwa yana digiri 2, da rana ya kai digiri 6. Digiri nawa ya ƙaru?
4. Masunci ya fara ƙarfe 11, ya tashi ƙarfe 3. Awa nawa ya yi?
5. Rubuta jimla uku a kan yadda masuntan garinku ke kamu lokacin hunturu, ku karanta wa na kusa da ku.