Kurakuran da ke hana ƙungiya cin maki a ƙwallon Amurka: abin da Denver Broncos ta koya mana

Ƙarfe ɗaya da kwata na dare agogon Najeriya aka take wasan Denver Broncos da Seattle Seahawks, wasansu na farko a kakar 2022. Ina zaune kan tabarma, waya jingine da filas ɗin shayi, na rage murya don kada in tashi mutanen gida. Sau biyu 'yan Denver suka kai ƙwallo bakin layin cin maki, saura yadi ɗaya tak, kuma sau biyun ƙwallon ta suɓuce daga hannun mai gudu da ita: da farko Melvin Gordon, sannan Javonte Williams. Aka tashi 17 da 16, Seattle ta ci. Kusan duk kurakuran da zan ambata a nan sun leƙo a wannan daren.

Ga wanda bai saba da wasan ba, tsarinsa a taƙaice shi ne: ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci gaba da yadi goma. In ta yi, a sake ba ta huɗu. In ta kai ƙwallon ƙarshen fili, wato tocdawun, ta samu maki 6, da damar ƙarin 1 ko 2. In ta gaza kaiwa can, amma ta buga ƙwallon da ƙafa ta wuce tsakanin sanduna, maki 3 ne. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, kowace tana wasa 17, kuma 14 ne ke shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, bakwai daga kowane ɓangare. Denver ta ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, a Fabrairun 2016, daga nan ta yi kaka takwas a jere ba ta sake leƙa wannan zagaye ba.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne zaton cewa kwatabak, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo ya jefa, shi kaɗai zai warkar da ciwon rashin maki. A watan Maris 2022 Denver ta karɓo Russell Wilson daga Seattle. Ta bayar da damarta ta zagayen farko har biyu a zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, da ta zagaye na biyu ita ma biyu, ta haɗa da 'yan wasa uku: Drew Lock, Noah Fant da Shelby Harris. Tun bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba ta ƙara masa kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 245. Me ya biyo baya? Maki 287 a wasa 17, ƙasa da 17 a kowane wasa, mafi ƙaranci a gasar baki ɗaya. Ta ci wasa 5, aka ci ta 12.

Masu kallon ƙwallon Turai sun saba ganin kulob ya zuba kuɗi ya sayo ɗan gaba, in bai yi ba a sayo wani. A NFL ba haka abin yake ba, domin akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya ba za ta wuce ba. Abin da ka ba mutum ɗaya, daga kason sauran ka ɗebo. Kuma damar zaɓen da ka bayar ita ce hanyar samun matasa masu araha. Da Denver ta sallami Wilson a Maris 2024, sai da lissafin albashinta ya ɗauki nauyin dala miliyan 85 na mutumin da ba ya cikinta. New York Jets ma sun bi wannan hanya da Aaron Rodgers a 2023: a yunƙuri na huɗu na wasansa na farko jijiyar agararsa ta tsinke, kakar ta tafi. Maganin wannan kuskure shi ne a fara tambayar me kwatabak ɗin zai tarar in ya zo. Wa zai kare shi? Wa zai cafe abin da ya jefa? Tsarin kocin ya dace da irin wasansa? In amsar ba ta gamsar ba, a gyara gidan tukuna kafin a kawo ango.

Wannan ya kawo mu kan ƙartan nan biyar da ke tsayawa gaban kwatabak kamar katanga. Ba a cika ambatonsu ba, kyamara ma ba ta bin su, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2022 sau 55 aka kayar da Wilson da ƙwallo a hannu. Kowace kayarwa tana mayar da ƙungiya baya da yadi shida ko bakwai, sai ka ga yunƙuri na uku ya zo ana neman yadi goma sha biyar, abokan hamayya kuwa sun san jifa za a yi. Da Sean Payton ya karɓi aikin koci a 2023, manyan cefanensa na farko 'yan katanga ne: Mike McGlinchey da Ben Powers. Sai dai a nan akwai wani kuskuren da masu sharhi ke yi, na ɗora wa katanga laifin kowace kayarwa. Da sabbin mutanen nan biyu, an sake kayar da Wilson sau 45 a 2023. A 2024, da kusan katanga iri ɗaya, sau 24 kawai aka kayar da sabon kwatabak ɗinsu, Bo Nix. Bambancin yana ga tsawon lokacin da kwatabak ke riƙe ƙwallo. Wilson mutum ne mai son jira ya nemi dogon jifa. Nix kuwa yakan jefar da ita waje in ya ga babu hanya. Don haka in kana auna ƙungiyarka, ka lura da daƙiƙun da ke tsakanin karɓar ƙwallo da sakinta. In ana yawan wuce uku, to ba katangar kaɗai ce ke da ciwo ba.

Sai batun ruɗuwa da yawan yadi. A daren Seattle, Wilson ya yi jifan yadi 340, adadi mai kyau a takarda, amma tocdawun ɗaya kacal suka ci. Yadi ashirin na ƙarshe kafin layi, wanda ake kira jan yanki, wasa ne dabam. Fili ya tsuke, masu tsaron baya ba sa tsoron a wuce su da gudu, sai su matso su cunkushe. Ƙungiyar da ke isa nan ta koma da maki 3 maimakon 7 tana asarar 4 a kowace tafiya, kuma tafiya uku irin wannan sun isa su sauya sakamakon wasa. A watan Oktoba na wannan kakar Denver ta karɓi baƙuncin Indianapolis Colts, aka tashi 12 da 9 bayan ƙarin lokaci, babu tocdawun ko ɗaya. A yunƙurin ƙarshe mai cafe ƙwallo na Denver, KJ Hamler, ya buɗe sarai, Wilson bai dubi wajensa ba. Na tuna Hamler yana buga hular kwanonsa da ƙasa don takaici, kuma ban ga laifinsa ba. Gyaran jan yanki yana ga atisaye na musamman: dabarun da aka tanada don ɗan guntun fili, mai gudu mai ƙarfi da zai iya tura mutum yadi biyu, da dogon mai cafewa da za a iya jefa wa sama. Sannan riƙe ƙwallo gam. Gordon ya saki ƙwallo sau biyar a kakar kafin a sallame shi a Nuwamba.

Akwai kuma kuskuren da yake na koci ne zalla, wato rashin iya sarrafa agogo da yanke shawara a yunƙuri na huɗu. A ƙarshen wasan Seattle, Denver na neman yadi biyar, saura kusan minti ɗaya, tana da damar tsayar da agogo har uku. Nathaniel Hackett, wanda wannan ne wasansa na farko a matsayin babban koci, ya bar lokaci ya zurare, sannan ya cire Wilson ya turo mai bugun ƙafa Brandon McManus ya nemi maki 3 daga yadi 64. Ƙwallon ta kauce. Washegari Hackett da kansa ya amsa cewa da sun bar Wilson ya gwada. Mako guda bayan haka, a gida, 'yan kallon Denver suka riƙa ƙirga daƙiƙu da ƙarfi don taya 'yan wasansu sanin lokaci, saboda yawan hukuncin jinkiri da ake yanke musu. Hackett yana kiran dabarun hari da kansa, yana kuma lura da agogo, aikin ya yi masa yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga baya aka ɗauko Jerry Rosburg don ya taimaka masa da wannan fanni, amma ɓarnar ta riga ta yi nisa. Bayan Los Angeles Rams sun lallasa su 51 da 14 ranar Kirsimeti, aka sallami Hackett tun kakar ba ta ƙare ba. Ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi suna yanke irin wannan shawara tun ran gini tun ran zane: kafin wasa an riga an san daga wane yadi za a buga, daga wane za a gwada, kuma akwai mutum guda cikin masu taimaka wa koci wanda aikinsa kenan.

Kishiyar sayen tauraro ita ce gajen haƙuri da yaro. Denver ta ɗauki Bo Nix a lamba ta 12 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2024, mutane da yawa suna cewa an yi gaggawa. Wasa biyu na farko duk aka ci su, ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau huɗu, kuma sai a wasa na huɗu ya yi jifan tocdawun na farko. Payton bai zaunar da shi ba. Ya riƙa ba shi gajerun jifa masu sauƙi, yana buɗa masa littafin dabaru kaɗan-kaɗan. Nix ya ƙare kakar da jifan tocdawun 29, ƙungiyar ta ci wasa 10 cikin 17, maki suka tashi zuwa 425, ta shiga sili ɗaya ƙwale.

Amma a kan wannan 425 ɗin ma sai an yi hattara, kuma nan ne magoya baya suka fi yaudarar kansu. Jimillar maki ba duka 'yan hari ne suka ci ba. Masu tsaron Denver sun kayar da kwatabak na abokan hamayya sau 63 a kakar, fiye da kowa, suna miƙa wa 'yan hari ƙwallo a wuri mai kyau, wani lokacin ma su ci da kansu, kamar yadda Patrick Surtain ya cafe jifan Las Vegas Raiders ya ruga yadi 100. Wasan ƙarshe da ya tabbatar musu da gurbi, 38 da nema a kan Kansas City Chiefs, an yi shi ne Chiefs sun hutar da manyan 'yan wasansu. Mai son sanin gaskiyar ƙarfin harin ƙungiyarsa sai ya ware irin waɗannan, ya duba maki nawa ake ci a kowace riƙon ƙwallo, kuma a kan su wa. Da Denver ta je Buffalo a zagayen farko, Nix ya jefa wa Troy Franklin tocdawun na yadi 43 a harin farko, na tashi tsaye a ɗaki. Daga nan ba su ƙara ko maki ɗaya ba, aka tashi 31 da 7.