Yadda Ake Zama Injiniyan Gine-gine a Najeriya, Daga JAMB Zuwa Rajistar COREN

Ɗalibai da yawa suna zaɓar injiniyancin gine-gine a JAMB da zaton za a koya musu zana gidaje masu kyau. Wannan aikin akitek ne. Injiniya shi ne mai lissafa ko ƙasar wurin za ta ɗauki nauyin ginin, kaurin rodin da za a sa a fila, da faɗin kwalbatin da zai ishi ruwan watan Agusta. Titi, gada, madatsar ruwa da magudana duk nasa ne. In kamannin gini ne ke burge ka, ba abin da ke riƙe da shi ba, gara ka canza tun yanzu.

Mataki na farko: takardu

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kimistiri, a zama ɗaya ko biyu. Waɗannan huɗun ne kuma za ka rubuta a JAMB. Digirin shekara biyar ne, amma mai difloma ta ND ko IJMB yana iya shiga aji biyu kai tsaye.

Mataki na biyu: binciki sashen kafin ka biya ko sisi

Sunan jami'a bai isa ba. Hukumomi biyu ne ke tantance kwas ɗin: NUC mai kula da jami'o'i, da COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya. In sashen ba shi da amincewar COREN, za ka gama da digiri a hannu, rajista kuma ta zame maka wahala. Duba jerin da hukumar ke fitarwa a shafinta na intanet, ka tabbatar amincewar ta sashen gine-gine ce, domin kowane sashe ana tantance shi daban, kuma amincewar tana da wa'adi. ABU Zariya, BUK, ATBU Bauchi, FUT Minna da Jami'ar Maiduguri duk suna koyar da shi, amma ko su ka duba. In ka samu hali, je ka leƙa ɗakin gwajin kankare da na ƙasa, ka tambayi 'yan aji huɗu ko injin fasa kankare yana aiki.

Mai bin hanyar kwalejin fasaha, irin ta Kaduna, ya sani cewa COREN ba ta yi wa mai babbar difloma ta HND rajistar injiniya kai tsaye, wani rukuni take sa shi. Sai ya ƙara difloma ta gaba da digiri, wato PGD. Hanya ce mai kyau ga wanda kuɗi suka yi wa ƙaranci, kuma 'yan kwalejin sukan fi sanin aikin hannu, sai dai ta fi tsawo.

Mataki na uku: aji biyu da aji uku

A nan maki ke zubewa. Darasin juriyar kayan gini da na rarrabuwar nauyi a jikin gini ba a haddace su. Wanda bai iya zana yadda bim, wato gungumen kankaren da ke kwance a kan filoli, ke lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi da hannunsa ba, zai ja wannan ramin har aji biyar. Kowace rana ka warware tambaya uku da biro da takarda. Kada kuma ka raina darasin ƙasa. Baƙar ƙasar nan da ke sassan Borno da Adamawa tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta fasa bango da kwalta, kuma tun kan a tona fandisho ake maganinta.

Mataki na huɗu: wata shida na SIWES

Wannan ne matakin da ya fi kowanne raba ɗalibai, kuma shi aka fi wasa da shi. A zango na biyu na aji huɗu ake sakin ɗalibi ya je koyon aiki. Da yawa sukan nemi ofishin da ke kusa da gida, inda wani kawu zai sa hannu a littafin rahoto, su zauna ƙarƙashin fanka wata shida. Su ne ke fitowa da sakamako mai kyau, a kai su wurin gini, birkila ya tambaye su abu su yi shiru.

Fara neman wuri tun zangon farko, kuma ka nemi inda ake zuba kankare a lokacin. Ƙaramin ɗan kwangila mai gina bene hawa biyu ya fi maka babban kamfanin da zai ajiye ka a ofis. Sayi takalmin aiki, hular kwano, tef mai mita biyar da ƙaramin littafi. Alawus ɗin ITF, hukumar da ke kula da SIWES, kada ka sa shi a lissafinka, tanadi kuɗin motarka tun daga gida.

In ka je, ka isa kafin leburori. Ranar zuba dakin, wato rufin kankare na bene, kada ka yarda ta wuce ka, ko da Lahadi ce. Kafin a zuba, ɗauki zanen rodi ka bi bim ɗaya bayan ɗaya: ka ƙirga rodin, ka auna tazarar zobban da ke ɗaure rodin, ka duba ko inda zane ya ce mai milimita 16 ba a sa mai 12 ba. Duba ƙananan tubalan da ake sakawa tsakanin rodi da katako, domin rodi yana bukatar rufin kankare na kamar milimita 25 a bim, 50 a fandisho. In ya kwanta a kan katako, ruwa zai same shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya ɓare kankaren daga ciki.

Sannan ka tsaya a bakin injin kwaɓa. Haɗin 1:2:4 yana nufin buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon leburori huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, da ruwa kamar lita 25. Ka ƙirga da idonka, domin in rana ta take kwanon yashi yakan ƙaru. Babbar ɓarnar ita ce ruwa. Leburori suna son kankare mai ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin ɗauka da bazawa, alhali ruwan da ya wuce kima in ya bushe ƙananan ramuka yake bari, ƙarfin ya ragu. Koyi gwajin zubewar ɗanyen kankare, ka koyi cika akwatunan gwaji masu milimita 150, ka bi su har ɗakin gwaji ka ga an fasa su a kwana 7 da kwana 28. Bayan zubawa a riƙa shayar da dakin aƙalla mako guda, musamman da hunturu ko zafin Afrilu, in ba haka ba ya tsattsage.

Girmama foman da mai ɗaurin rodi. Kira su Malam ko Baba, ka tambaya kamar mai neman sani. Sun san abin da ba ya cikin littafi, kai kuma ka san dalilin da ya sa ba a rage rodi a kan fila. In ka ga kuskure, kai wa injiniyan wurin a keɓe, kada ka tsawata wa dattijo a gaban yaransa. Roƙi safiyo ya bar ka ka kafa na'urar auna tudu da gangare da kanka har sai ka iya.

Mataki na biyar: kwamfuta

Manhajar zane ta AutoCAD da Excel tukuna, sauran su biyo baya. Mai son gini ya ƙara ProtaStructure ko STAAD, mai son titi Civil 3D. Kwamfuta ta hannu mai RAM 8GB ta isa farawa. Amma kada ka taɓa manhajar lissafin gini sai ka lissafa bim, fila da dakin da hannu, domin manhaja tana karɓar lambar kuskure ta ba ka amsa a tsare.

Mataki na shida: bayan digiri

Lokacin bautar ƙasa ka yi ƙoƙari a tura ka wurin aikin gini ko ma'aikatar ayyuka. Shiga ƙungiyar injiniyoyi ta NSE a matsayin sabon mai digiri. COREN tana neman gogewar shekara huɗu kafin rajista, da rahoton ayyukan da ka yi da kuma ganawa, sai bayan nan ne doka ta yarda ka kira kanka injiniya, ka buga hatimi a zane. Albashin farko a ƙananan kamfanoni kaɗan ne, aikin kuma yakan kai mutum daji. Daga ranar farko ka buɗe fayil: sunan aiki, wuri, kwanan wata, abin da kai ka yi da hannunka, hotuna, kwafin lissafi, da sunan injiniya mai rajista da ka yi aiki a ƙarƙashinsa, domin shi zai sa maka hannu ranar da za ka miƙa rahoton.