Allurar tsoka: kurakuran da na gaji da gani a hannun sababbin nas

Duk shekara makarantun jinya suna turo mana sababbin nas, kaya fari tas, lasisin Hukumar Nas da Ungozoma a jaka, kuma duk shekara kurakuran su ne dai na bara. Allurar tsoka ce aka fi rainawa, saboda ana ganin ko mai kemis na bakin kasuwa yana yin ta. Bakina ya gaji da maimaitawa a wurin miƙa aiki, don haka ga shi a rubuce.

Zan fara da ɗuwawun yaro, domin a nan aka fi ɓarna. Akwai babbar jijiyar motsi da ke fitowa daga ƙugu, ta ratsa tsakiyar ɗuwawu, ta gangara bayan cinya har tafin ƙafa. A jikin babban mutum mai nama tana da abin da ya rufe ta. A jikin yaro ɗan shekara biyu da zazzaɓi ya ramar, tsakaninta da fata ba nisa. Uwa za ta kifa shi a cinyarta, ta yaye masa riga, yana harbe-harbe, ku kuwa ku soka inda hannu ya faɗa. Idan allurar ta taɓa jijiyar, ko magani mai zafi ya malala a gefenta, ƙafar ta tafi. Yaro ya koma jan ƙafa, yatsu suna sharar ƙasa.

Ba labari aka ba ni ba. A farkon aikina, lokacin da kwinin ne maganin zazzaɓi mai tsanani, na yi wa wani yaro allurarsa a ɗuwawu cikin aikin dare, don kuwa haka na ga kowa yana yi. Ya warke daga zazzaɓin, aka sallame su. Da aka dawo da shi, a kafaɗa aka ɗauko shi. Har jami'an shan inna suka zo suka ɗebi bayan gidansa aka kai gwaji, sakamako ya nuna ba shan inna ba ce. Uwar ba ta ce mini komai ba sai "Sista, haka Allah ya so", kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. An yi ta gashin ƙafar, motsi ya ɗan dawo, amma takunsa bai koma yadda yake ba.

Saboda haka a ɗakina yaro ƙarami ba ya shan allura a ɗuwawu, ko wa ya rubuta, ko kakarsa ta ce ta cinya tana hana tafiya. A raba cinya gida uku, a ɗauki na tsakiya ta gefen waje, a sa wani ya riƙe gwiwa. Babban mutum ma na fi son gefen kwatangwalo: a ɗora tafin hannu a kan ƙashin da ya turo a saman cinya, manuniya ta nufi ƙashin gaban ƙugu, yatsan tsakiya ya buɗe ta baya, a soka a tsakaninsu. Wasu tsofaffin abokan aikina ba su yarda da wurin ba, sun fi sabawa da raba ɗuwawu huɗu a ɗauki na sama ta waje. Ban hana ba, amma a raba ɗin da gaske, mara lafiya yana kwance, ba a tsaye da zani a ɗan sassauce ba. Kuma idan mutum ya ce wani abu kamar lantarki ya sauka masa ƙafa, a zare nan take. Ba raki ba ne.

Sai haɗa atesunet, allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Kwalbar miligram 60 ana fara narka ta da mil 1 na ruwan bayikabonet da ke cikin kwalin. In ta tsoka ce a ƙara ruwan gishiri na asibiti mil 2, kowane mil ya zama miligram 20. In ta jijiyar jini ce a ƙara mil 5, kowane mil miligram 10. Yaro mai kilo 10 yana buƙatar miligram 30, wato mil ɗaya da rabi a haɗin tsoka. Wanda ya yi haɗin jijiya ya zuƙi mil ɗaya da rabi ya ba shi rabin magani, ga zazzaɓi yana cin yaro. Wanda ya yi haɗin tsoka ya zuƙi mil 3 ya ninka. Ni ina rubuta lissafin a gefen katin kafin in taɓa kwalba, kuma sai an ɗora yaro a sikeli. Kilo na ido ba kilo ba ne.

Sauran kurakuran kuma ba sa buƙatar dogon bayani. Damtse ba ya ɗaukar allura mai yawa, kada ku ɗura masa mil 3 na daikilofenak, maganin rage ciwo. Seftirayazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta, in an haɗa shi da lidoken mai kashe zafi, na tsoka ne kaɗai, kada ragowarsa ya shiga kanula, robar da ake sawa a jijiyar jini. Benzatin fenisilin ma haka, kuma in kun tsaya hira zai toshe allurar. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ba a murza wurin bayan an yi. Kada a maimaita maginiziyam ga mai jijjigar haihuwa sai an buga gwiwa, an ƙirga numfashi, an duba fitsari, kuma makarinsa, kalsiyam gulukonet, yana kusa. Bitamin K na jariri da ergometirin na uwa, mai tsayar da jini bayan haihuwa, kada su kwana a faranti ɗaya. Sirinjin da ba ku kuka zuƙa ba, ku zubar, ko da matron ce ta miƙo muku. Adirenalin, maganin ceto in jiki ya ƙi allura, ya kasance a kan tire kafin a soka fenisilin, ba a kulle a ofishin da mai mukullinsa ya tafi salla ba.

Tambayar suna ma ana yin ta a karkace. In kuka ce "Ke ce Aisha?" a ɗakin mata, uku za su amsa, wata ma don kunya za ta ce eh. Ku ce "Hajiya, yaya sunanki, da na mahaifinki?" Uwar da ba ta iya faɗin sunan ɗanta na fari kuwa, ku tambayi mai rakiya ku duba kati. Lambar gado ba suna ba ce, ana sauya gado sau nawa a yini.

Yanzu ga wanda ya fi ɓata mini rai, wato ɓoyewa. Wata yarinya da ke ƙarƙashina ta taɓa yi wa wani dattijo mai ciwon ƙoda daikilofenak ɗin maƙwabcinsa. Tana zare allurar ta gane. Me ta yi? Ta zagaya ta zuƙo wata ta yi wa mai ita, ta sa hannu a kati ɗaya, ta yi shiru. Fitsarin dattijon ya ragu, likita yana ta neman dalili, ana ta gwaje-gwaje da kuɗin 'ya'yansa, ita kuwa tana tsaye a wurin da amsar a bakinta. Sai da kuka ya ci ƙarfinta ta faɗa. Ban yi mata faɗa a kan allurar ba. A kan shirun na yi, kuma na yi sosai, domin da ta faɗa da wuri da an sa ido a kan ƙodar tun farko, an dakatar da sauran magungunan da ke wahalar da ita.

Ku ji da kyau, 'ya'yana. Ranar da kuka yi naku kuskuren, ku fara komawa kan mara lafiya, ku auna bugun jini, numfashi da hawan jini. Kada ku jefar da kwalbar, ku riƙe ta. Ku kira shugabar ɗaki da likita a lokacin, ko ƙarfe uku na dare ne, ku faɗi maganin, yawansa, wurin da aka soka da lokacin. Ku rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Ba a shafe kati da farin ruwa, ba a yage shafi. Layi ɗaya ake ja a sa hannu. Kuskuren allura ana iya kare ku a gaban kwamiti, amma katin da aka gyara babu matron ɗin da za ta tsaya muku a kai. Mara lafiya ko danginsa a gaya musu, ku da likita tare. Kuma kada ku riga su cewa ƙaddara ce. Su ne masu ikon faɗin haka, ba wanda ya riƙe sirinjin ba.

Bayan nan hannu zai yi rawa, barci zai ƙaurace, za ku riƙa karanta kwalba ɗaya sau biyar, wasu har su fara maganar barin aiki. Ku sami babba ɗaya da kuka yarda da ita ku zauna ku amayar, kada ku kai zancen zauren WhatsApp na 'yan ajinku, inda hoton kati zai iya yawo da sunan mara lafiya a jiki. Wasu shugabanni suna ɗauke mai kuskure daga tiren magani na makonni. Ni ba na yin haka sai in sakaci ne da aka saba. Kashegari nake miƙa mata tire, in tsaya a gefenta, ta karanta sunan magani da ƙarfi in ji, ta nuna mini wurin da yatsa kafin ta soka. Haka za mu yi ta zagaye har sai na ga hannun ya daina rawa, sannan in koma teburina.