Kafin ki biya kuɗin kwas ɗin taimakon likita a Amurka

Ina aikin taimakon likita a wani ƙaramin asibitin unguwa a Bronx, cikin birnin New York: gwada hawan jini, ɗibar jini, shigar da bayanan majiyyaci a kwamfuta, wani lokaci har amsa waya. 'Yan uwanmu da suka zo daga Kumasi ko Yamai sukan tare ni a wajen suna ko walima su ce, "Yaya, wace takarda zan nema?" Takardun iri uku ne, kuma rashin bambance su ne ke cinye wa mutane kuɗi.

Ta farko ita ce satifiket ɗin makaranta. Kin yi kwas na wata tara ko shekara guda, ko digirin shekara biyu a kwalejin al'umma, an ba ki takarda. Abin da take nunawa kawai shi ne kin zauna a aji kin gama. Ba ta ba ki ikon rubuta wasu haruffa a bayan sunanki ba.

Haruffan nan, CMA ko RMA ko CCMA, su ne masu ɗaukar aiki ke dubawa, kuma ba makaranta ke ba da su ba. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu ke shirya jarrabawa, wanda ya ci su ba shi shaidar ƙwarewa. CMA ta ƙungiyar AAMA ce, wadda aka kafa a 1956. RMA ta AMT ce, CCMA kuwa ta NHA. Shaidar tana ƙarewa, ba kamar satifiket ba da za ki sa a firam ki manta. CMA ana sabunta ta duk wata 60, ko da sake jarrabawa ko da maki 60 na ƙaro ilimi. CCMA duk shekara biyu da maki 10. RMA duk shekara uku. In kin bari ta mutu, ba ki da hurumin amfani da haruffan har sai kin gyara.

Ta uku lasisi ne ko rajistar gwamnati. Yawancin jihohi ba sa ba masu wannan aiki lasisi. A ƙarƙashin likita kike aiki, dokar jiha ce ke faɗin abin da zai iya wakilta ki ki yi. Jihar Washington ta bambanta, can sai kin sami takarda daga ma'aikatar lafiyarsu. Saboda haka in kina shirin ƙaura, duba dokar inda za ki.

Yanzu ga yadda nake ba da shawara a bi, kuma daga ƙarshen hanyar ake farawa. Buɗe tallace-tallacen aiki na asibitocin da kike so, ki ga haruffan da suke nema. Wasu kowace suna karɓa, wasu sai CMA. Bayan nan sai ki nemi makarantar da za ta kai ki ga waccan jarrabawa. Nan ne ake zamewa. Babbar hanyar zama jarrabawar CMA ita ce gama shirin da CAAHEP ko ABHES, hukumomi biyu masu tantance kwasa-kwasan kiwon lafiya, suka tantance. Kada ki tsaya ga abin da mai rajistar makaranta ya faɗa miki da baki, aikinsa shi ne ya shigar da ke. Shiga shafin waɗannan hukumomi biyu ki nemi sunan shirin da idonki. Ki kuma tambaya ko makarantar ce ke samar miki wurin koyon aiki a asibiti, don ba na ganin amfanin kwas ɗin da aka yi shi kacokan a intanet, ba ki taɓa riƙe allura ba.

Wadda ta riga ta fara aiki ba tare da makaranta ba, ba ta rasa hanya ba. NHA na barin mai takardar sakandare da shekara guda ta aiki a ƙarƙashin kulawa ta zauna CCMA, tambayoyi 180 cikin awa uku, 150 daga ciki ne ake ba maki. AMT ma tana da hanyar masu gogewa.

Mai takardar makarantar kiwon lafiya daga gida kuwa, ilimin zai taimaka miki sosai a aji da wurin aiki, amma takardar ba ta juyewa ta zama CMA da kanta. Ki rubuta wa ƙungiyar da kike so ki tambayi matsayinki kafin ki kashe ko sisi.