Me ya sa Arduino ba ya ganin ƙaramin sigina? Kurakuran da aka fi yi

Ɗalibi ya sayo Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, yana so ya auna wutar da ke fita daga batirin sola ta shant mai milibolt 75, wato ƙaramin rezista da wutar ke bi ta cikinsa don a auna ta. Ya haɗa, allon kwamfuta ya yi ta nuna sifili, ko lambobi su riƙa tsalle-tsalle. Sai ya ce an sayar masa da jabu. Galibi allon Arduino ɗin lafiyarsa lau.

Kuskuren farko shi ne kai siginar ƙafar dijital, wato wurin haɗa waya da ke gane akwai wuta ko babu kawai. A allo mai bolt 5, ƙafar ba ta tabbatar da akwai wuta sai ta kai kusan bolt 3. Milibolt 75 a wurinta babu ne. Ƙafafun A0 zuwa A5 ne wurin wannan aiki.

To ko a can ma da sauran rina a kaba. Ma'aunin cikin ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar allon Uno, yana raba bolt 5 gida 1024, kowane gida kusan milibolt 4.9. Ke nan duk siginarka gida 15 ce kacal. Sa umarnin analogReference(INTERNAL) a cikin abin da ka rubuta wa allon, ma'aunin ya koma bolt 1.1, gida ɗaya ya zama kusan milibolt 1. Wannan yana kuma raba ka da cajar waya mai arha, wadda wutarta ke hawa da sauka tana jan awonka tare da ita.

In bai isa ba, a mayar da ma'aunin kan bolt 5, a ƙara wa siginar ƙarfi da LM358, wata ƙaramar na'urar ninka sigina. Rezista 39k da 1k za su ninka ta sau 40, milibolt 75 ya zama bolt 3. Kada a yi zarin ninki 100: LM358 da ke cin bolt 5 ba ya fitar da fiye da kusan 3.5, daga nan sai ya tsaya cak. Yana kuma da ɗan kuskurensa na kusan milibolt 2, wanda shi ma ake ninkawa, don haka a karanta lambar da yake bayarwa lokacin da babu abin da ke jan wuta daga batirin, a riƙa cire ta a lissafi. Mai hali ya sayi ADS1115, ma'aunin waje da ya fi na allon ganin ƙaramin sigina, ya huta.

Mantuwa da GND, wato nagetif ɗin allo, kuwa ta fi kowanne yawa. Dole nagetif ɗin abin da ake aunawa ya haɗu da GND na allo, shant ɗin kuma ya zauna a ɓangaren nagetif. In ka ɗora shi a fozitif na batir mai bolt 12, ƙafar ta ƙone.

Sai rawar lambobi. Doguwar waya eriya ce, tana kwasar bugun wutar NEPA mai zagaye 50 a daƙiƙa, balle kusa da inbata ko janareto. A gajarta wayoyin, a murɗa su biyu tare, a sa kafasita 100nF tsakanin A0 da GND dab da allo. A ɗauki awo da yawa cikin milisakan 20 a raba, domin tsawon zagaye ɗaya ke nan, hawa da sauka su cinye juna.

Masu ESP32, wani allo irin Arduino, su lura: ma'auninsa ba abin dogaro ba ne ƙasa da kusan milibolt 100, kuma ƙafarsa ba ta jure fiye da bolt 3.3.